Yayen wata huɗu

Ni ba gwanar rubutu ba ce, ɗinkin hula na iya. Amma tun da na samu sauƙi mata uku suka shigo har ɗakina a Limancin Kona suna tambayata a kaikaice, kowacce ta ce wai ƙawarta ce ke fama da irin ciwona. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, gara in faɗe shi duka sau ɗaya, in kunne ya ji jiki ya tsira. Ciwon hanji na yi, kuma ya lafa, alhamdu lillahi. Abin da bai dawo ba shi ne wanda aka karɓa daga hannuna a tsakiyar jinyar. An cire 'yata daga nono tana da wata huɗu, saboda wata takardar gwaji da aka ce ƙarya take yi.

Sai na fara da maganar suna, don in ba haka ba za ku ce wace irin uwa ce wannan. 'Yar fari ce, kuma sunan Hajiya, uwar mijina, aka sa mata. Kunya biyu ke nan a kaina. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya yi kuka a hannun wani ba ta tashi da gudu. Hajiya tana ce mata Takwara, mutanen gida suna ce mata Ummi, ni kuwa ko Ummin ban iya faɗa a tsakar gida ba, sai dai in ce 'yar nan. An yaba mini a kan haka, har ana ba da misali da ni, ni ma ina jin daɗin yabon.

Sati uku da haihuwa, ina tsakiyar wankan jego, na fara ganin jini da majina a bayan gida. Hajiya ta ce basir ne na masu jego, babu macen da ba ta yi ba. Aka ƙara mini kanwa a kunu, aka kawo jiƙo a gora, na toshe hanci na sha. Kafin arba'in ina zagayawa sau takwas, sau goma a yini, cikina yana murɗawa kamar ana matse wanki. Wannan ta ce ɗan kanoma ne, waccan ta ce atuni. Yaya Ɗanlami, wan mijina, ya aiko da ƙwayoyi kala uku a leda. Shi kemis yake da shi a Tukur-Tukur, ya daɗe yana sayar da magani har unguwa ta naɗa shi Dakta, shi kuma bai taɓa cewa a'a ba.

Sati biyu bayan arba'in Hajiya ta yanke cewa mataccen jini ne ya taru mini, ta aika aka kira wanzamin gidan ya yi mini ƙaho. Da mata suka ji wanzami ya shigo, sai mai ciwon baya da mai ciwon kai suka taho, tunda ya riga ya kwance zabira. Mu huɗu muka jera a tabarma muka ba shi baya. Ni ce ta ƙarshe. Wadda ke gabana Lantana ce, matar wani lebura da ke haya a maƙwabtanmu, mace mai fara'a da ke sayar da awara. Aska ɗaya ce. Yana gamawa da mutum sai ya goga ta a tsumma ya matsa gaba. Na gani da idona ban kawo komai a raina ba, haka na taso ina gani.

Ƙahon bai tsayar da komai ba, sai ma ya kwashe ɗan jinin da ya rage. Bayan kamar kwana goma jiri ya kayar da ni a bakin rijiya. Lungunmu keke ba ya shiga, sai da aka tallabe ni har bakin titi, daga nan babban asibiti. Wanda bai taɓa yankar kati a can ba bai san haƙuri ba. Ka zo da sanyin safiya ka tarar da layi ya yi kwana, ka kai gaba a ce fayil bai iso ba, fayil ya iso a ce ku dawo Talata. Amma gaskiya ɗaya ce, da aka ga halin da nake ciki an ba ni gado, an kuma kula da ni. Aka ɗebi jini kwalba-kwalba, har da gwajin ƙanjamau, wanda dama an yi mini sau biyu wajen awo. Ya fito lafiya. Sannan aka ba ni wani ruwa na sha ya wanke ni tas, aka zura wata igiya mai kyamara ta inda ba zan faɗa ba. A kan wannan kyamarar tunkiyata ta tafi kasuwa.

Likitar da ta riƙe ni wata siririya ce mai tabarau, Hausarta da Turanci a haɗe. Ita ta gaya mini sunan ciwon, kolaitis, kuma ya zauna mini a kai har yau. Ta ce sojojin jikina ne suka rikice suna yaƙar hanjina, saboda haka za ta ba ni magani iri biyu masu kwantar da su. Ta ja kunnena cewa garkuwata za ta yi rauni, in guji mai tari da mai ƙyanda. Maigidana, wanda nake ce wa Malam, ya tambaye ta maganar shayarwa, ta ce in ci gaba, babu damuwa. Cikin sati biyu jini ya tsaya. Fuskata ta yi kumatu, hannuwa kuwa suna nan kamar kara, amma ina cin tuwo, ina ɗaukar hula in yi layi biyu. Nono kuma ya ƙaru, har 'yar ta fara nauyi a cinya.

Ana haka sai wani farin abu ya fito mini a harshe da dasashi, ga ɗan zazzaɓi da yamma. A satin nan ne kuma labarin Lantana ya iso. Tun da daɗewa ta kwanta, mijinta ya kai ta ƙauyensu, to ashe an gwada ta a can an samu cutar ƙanjamau. Wadda ta kawo labarin ba ni take gaya wa ba, da Hajiya take magana a bakin murhu, ni ina ɗaki ina shayarwa. Na ji kamar an watsa mini ruwan randa. Tabarmar nan ta dawo mini, da tsumman, da bayan Lantana a gabana. Na dubi bakin yarinya a ƙirjina, na rasa in cire ta ne ko in ƙara rungume ta. Masu zuwa dubiya kuwa suka sauya. Da a bakin gadona suke zama, yanzu daga ƙofa ake cewa ya jiki, ana kallon ramata da farin bakina.

Malam bai ɓata lokaci ba. Washegari ya ɗauke ni muka je wani ɗakin gwaji a Tukur-Tukur, aka soki yatsana, aka soki nasa. Minti ashirin ɗin nan ban san yadda suka wuce ba. Takardu biyu suka fito, duka lafiya. Na yi hamdala har da hawaye a cikin hijabi. Da gida muka wuce daga nan, da ban rubuta wannan labari ba. Amma kemis ɗin Yaya Ɗanlami yana kan hanya, ba a wuce babban wa ba a gaishe shi ba. Malam ya miƙa masa takardun yana murna. Ya duba, ya ce in ba shi magungunan da nake sha. Ya zare doguwar takardar da ke cikin kwali, ya gyara tabarau, ya daɗe yana karantawa.

"Taka ta yi," ya ce da Malam. "Tata ce ban yarda da ita ba. Gwajin nan sojojin jiki yake nema, su ke nuna cuta ta shiga. Ita kuma maganinta sojojin yake kwantarwa. Ko cutar na nan fal, takarda za ta ce babu."

Malam ya ce ai an gwada ta a asibiti kafin ta fara maganin. Yaya Ɗanlami ya ƙirga da yatsunsa ya ce kwana nawa ne tsakanin ƙahon da wancan gwajin, ai lokacin cutar ba ta isa nunawa ba. Na tsaya riƙe da takardar da ta faranta mini rai minti goma da suka wuce, ta koma ba ta da maraba da takardar ƙunshe ƙosai. Ban taɓa sanin gwaji yana iya cewa babu alhali akwai ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne maganarsa ta shiga kai, ko ni da ban wuce sakandare ba na gane ta.

Bayan la'asar aka zauna a ɗakin Hajiya, ita da 'ya'yanta biyu, ni ina daga bakin ƙofa da yarinya a cinya. Yaya Ɗanlami ya maimaita bayaninsa, ya ƙara da cewa cutar tana bin nono. Hajiya ta ce, "Nono ai jini ne. In akwai abu a jini, akwai shi a nono. Ni ba zan zuba ido a shayar da Takwara ciwo ba. A kawo ta nan har a san gaskiya."

Ba da mugunta ta faɗa ba, idonta ya yi ja. Malam yana ta jujjuya hularsa a hannu. Ranar ganin likitata saura kwana biyar, kuma maganar tana bakina: a bari mu tambaye ta tukuna, kwana biyar ne kawai. Na buɗe baki na rufe. Uwar da ta tsaya a gaban surukarta da wan mijinta tana roƙo a kan 'yar fari, ai sai ta zama abin labari a birni. Ga kuma tsoro, in gaskiya ne fa, in ni ce nake ɗura mata da kaina? Hajiya ta miƙo hannu biyu, ni kuma na miƙa mata ita.

Yarinyar wata huɗu ba ta san yaye ba. Ta ƙi kwalbar fida, ta ƙi cokali, ta yi kuka har muryarta ta dishe. Hajiya ta ce a yi mata rubutun dangana, irin wanda ake ba yaron da ya kusa shekara biyu don ya manta da nono. Ba a je neman malami ba, a gidan kowa ya iya allo. Malam da kansa ya rubuta a zaure, ya wanke, aka ɗura mata da ƙaramin cokali. Tsakanin ɗakina da na Hajiya taku goma sha biyu ne, na ƙirga. Tana kuka a can, rigata tana jiƙewa a nan. Ƙirjina ya kumbura ya yi tauri, ina matsewa a kwano in kai bayan gida in zubar. Rana ta uku kukan ya ragu, Hajiya ta ce rubutu ya ci, aka yi hamdala.

Ranar asibiti mu uku muka shiga wajen likita, ni da Malam da Hajiya, don ta ce sai ta ji da kunnenta. An bar yarinya a gida wajen matar Yaya Ɗanlami. Malam ya ba da labarin aska, da na Lantana, da abin da wansa ya karanto. Likita ba ta yi dariya ba. Ta leƙa bakina ta ce farin nan aikin maganin ne, yana yi wa masu shansa da yawa, ta rubuta mini abin shafawa. Sannan ta ce tambayar ba shirme ba ce. Gwajin yatsa ba cutar kanta yake gani ba, martanin da jiki ya mayar mata yake gani, kuma gaskiya ne maganina yana rage ƙarfin martanin. Amma ta ce a gwargwadon da nake sha da wuya ya rufe wa gwajin ido, ba kasafai ake ganin haka ba, kuma ita hankalinta ya fi kwanciya da takardar. Tunda dai akwai maganar aska, za ta tura ni wani gwajin da ke neman ƙwayar cutar kanta a cikin jini. Shi wannan, in ji ta, babu ruwansa da sojoji, ko suna barci ko suna farke.

Tana cike takarda, ba ta ɗago ba, ta ce, "Bebi fa? Tana kan nono dai ko?"

"Takwara lafiyarta ƙalau, likita," in ji Hajiya.

Na san dalilinta. Ta san 'yan asibiti da wa'azin nono zalla, ba ta son a yi mata faɗa a gaban ɗanta. Likita ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau. Malam ya dubi ƙasa. A ƙarƙashin hijabina rigata sharkaf take, har ina jin ɗuminsa yana gangarowa. In na ce a'a na ƙaryata uwar mijina a gaban bare. Na gyaɗa kai. Duk cikin jinyar nan, da jinin, da ƙahon, da kyamarar, babu abin da nake juyawa a raina kamar wannan gyaɗa kan.

Aka ɗebi jini aka ce sati biyu. Sati biyu suka cika Malam ya je, aka ce ba a nan ake yi ba, tura jinin ake yi wani wuri, bai dawo ba tukuna. Ya koma bayan kwana biyu, haka. A gida kuwa madarar gwangwani ta fara fin ƙarfinmu. Malam ɗinkin hannu yake yi na manyan riguna, riga ɗaya takan ci masa wata, gwangwani kuwa kwana huɗu ya ƙare. Sai aka fara rage cokali ana ƙara ruwa, ana haɗawa da koko. Ruwan na rijiya ne, wani lokaci a tafasa, wani lokaci a ce ai da ɗumi a fulas. Ni kuma ƙirjina ya daina kumbura. Na fara matsa kaɗan-kaɗan, sannan ɗigo, sannan wata safiya na matsa babu komai. Na zauna da kwanon a hannu ina kallonsa.

Kwana goma sha bakwai da cire ta ta fara gudawa, washegari amai ya biyo. Aka ce haƙori ne, a wata huɗu da rabi. Da maɗigarta ta faɗa aka kwaɓa magani aka shafa a kai. Ina ganinta in an fito da ita shan iska, ina wucewa da buta kamar ba ita na fito gani ba. Rana ta ashirin na leƙa na ga idanunta sun zurma, tana buɗe baki kuka ba ya fita. Hajiya da kanta ta saɓa ta a kafaɗa ta yi waje ko mayafi ba ta gyara ba. A ɗakin yara sai da suka nemi jijiya a hannu suka rasa, suka aske gefen kanta suka sa ƙarin ruwa a nan. Ban san ana sa wa mutum allura a ka ba sai ranar.

Muna kwana na huɗu a ɗakin yara Malam ya zo ya ce sakamako ya iso. Na bar Hajiya a bakin gado na haura wajen likitata. Ta buɗe, ta juyo mini da takardar, ta ce ba a ga ƙwayar ba, ko alama. Takardar Tukur-Tukur gaskiya ta faɗa tun farko. Na jira in ji farin ciki ban ji ba. Ta lura, ta tambaye ni lafiya, sai na ce 'yar nan ce aka kwantar a ƙasa. Ta ce me ya same ta? A nan na faɗi abin da ya kamata in faɗa tun wancan zuwan namu. Ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur.

"Kwana nawa?"

"Ashirin da huɗu."

"Malama Bilkisu, ai na tambaye ki." Ta mayar da tabaraunta. "Ko da a ce gwajin nan ya nuna akwai, ba ma cire yaro daga nono. Magani za mu ɗora ki a kai, a ba bebi nata, ki ci gaba da shayarwa."

Na ce ta sake faɗa, ta sake. Wato ko ta wace hanya aka bi, da cutar da babu cutar, ba a bukatar abin da muka yi. Malam ya dafa bango ya ce innalillahi a hankali. Likita ta ce in sauka yanzu in sa ta a ƙirji, wani lokaci nono yakan dawo in yaro ya ci gaba da ja, za ta yi wa nas magana ta nuna mini yadda ake yi.

Ban san yadda na sauko benen ba. Na tarar da Hajiya tana yi wa yarinya fifita, na miƙa mata takardar duk da ba ta karatun boko, na ce babu komai. Ta ɗaga hannu ta yi godiya ga Allah. Da ta ga ina ɗage hijabi sai ta riƙe mini hannu, ta ce nonon da ya yi sati uku a kwance ya lalace, guba ne, kowa ya san haka, kada in ƙarasa ta. Na zame hannuna, na sunkuya kan gadon, na ce, "Hadiza. Hadiza, zo."

Ɗakin cike yake da mata, amma babu wadda ta san abin da ya faru sai mu uku. Sunan Hajiya ne na kira gatsal a gabanta, sunan da ban taɓa furtawa ba tun da aka kawo ni gidan. Ta saki hannuna ta ja baya. Na ɗauki 'yata da igiyar ruwa a kanta na sa ta a ƙirji. Ta shinshina, ta taɓa da leɓe, ta kawar da kai. Na juyo da ita, ta sake kawarwa, tana miƙa hannu wajen muryar da ta saba da ita.

Sati biyu na yi ina gwadawa. Nas ɗin, Allah ya saka mata da alheri, ta zauna da ni tana ɗiga madara da cokali a kan nonon don yarinya ta ɗauka daga nan take fitowa. Na sha kunun gyaɗa har ya ishe ni. Wani lokaci ta ja sau biyu ta saki, wani lokaci ta banƙare tun kafin in ɗaga riga. Ɗigo ya dawo a gefe ɗaya, bai wuce ɗigo ba, daga baya shi ma ya tafi. An ce wasu nasu yana dawowa, nawa dai bai dawo ba. Ita kuwa ta tashi. Gudawa ta tsaya, aka koya mana haɗa madara da tafasasshen ruwa da cikakken cokali, aka sallame mu. Yaya Ɗanlami ne ya riƙa aiko da gwangwani duk sati har ta fara cin abinci. Bai taɓa ce mini komai ba, ni ma ban ce ba. Ina gode masa, kuma har yau in na ji an ce masa Dakta sai na tuna cewa ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Ga abin da nake gaya wa masu ƙawar nan. In kina shan maganin da ke rage garkuwa kuma kina shakkar gwaji, tambayarki tana kan hanya, amma wajen wanda ya rubuta miki maganin za ki kai ta. Ki faɗi duk abin da kike sha, ki faɗi abin da ya faru, akwai gwajin da maganin ba ya rufe wa ido. Kada a yanke komai a tsakar gida kafin nan. Wanzami kuma ya zo da sabuwar reza ko ki sayo da kanki. In za ki shiga wajen likita, ki shiga da wanda ba kya jin nauyinsa, ko ki shiga ke kaɗai.

Bara Lantana ta dawo unguwa. Tana shan maganinta, ta yi ƙiba, ta koma suyar awara. Na je sayen ta hamsin na tarar da ita a gindin bango da jariri a ƙirji, yana ja yana wasa da ƙafa, ta ce 'yan asibiti ne suka ce ta ba shi. Na yi mata barka da zuciya ɗaya, na dawo ɗaki na rufe ƙofa.

Ni ina nan kan maganina, hanji ya yi shiru, na koma ɗinki. Hadiza ta shiga shekara ta uku, lafiyayya, bakinta ya buɗe. Tun da muka dawo daga asibiti ta ƙi kwana a ɗakina, aka ce a bar ta inda ta saba, kuma can ɗin take har yau. Sunanta nake kira yanzu, da ƙarfi, a tsakar gida, Hajiya tana zaune. An daina ba da misali da ni, ban damu ba. Jiya tana gudu ta yi tuntuɓe da turmi ta faɗi a gabana, taku biyu tsakaninmu. Na yar da hula na buɗe hannu na kira ta. Ta waigo ta dube ni da hawaye, sannan ta tashi ta wuce ɗakin Hajiya.